Awa Biyu da Minti Goma

Asabar, 7 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Hajiya, uwar mijina, ta iso da jaka biyu, wai kwana uku za ta yi. Ɗanta ya ɗauko ta daga tasha, ya shigar da kayanta ɗakin da nake ajiye littattafaina, ya kwashe littattafan ya zuba a kwali. Bai tambaye ni ba. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da kyau, ta miƙo hannu na ba ta 'yata Gimbiya. Ta daɗe tana duba kumatun yarinyar na hagu. Ba ta ce komai ba. Da ma ta yi magana.

Wai ta zo ne ta taya ni raino. Haka maigidan ya faɗa, idonsa a kan bango. Wata biyar da haihuwa ba wanda ya tuna ina bukatar a taya ni, sai bayan Laraba.

Ba zan rubuta maganar Laraba ba. Kowa a layin nan ya riga ya ba da labarinta yadda ya ga dama.

A bayan littafin aikina nake wannan rubutu, wanda nake tara kalmomin shari'a a ciki. Shekara tara ina aikin tafinta a kotu. Mutum ya faɗi maganarsa da yarensa, in juya wa alƙali, ba ƙari ba ragi. Ko ɓarawon akuya sai an tambaye shi ko yana da abin cewa. Ni kwana uku ke nan ba wanda ya tambaye ni.

Lahadi, 8 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Kafinta maƙwabcinmu ya zo ya gyara ƙofar da ya fasa, ya sa sabon kwaɗo. Makulli uku ne. Ɗaya na maigidan, ɗaya na Hajiya, na ukun ya koma aljihun maigidan, wai saboda ɓacin rana.

Matar kafinta tana gaya wa mutane awa uku. Ba awa uku ba ne. Awa biyu ne da minti goma. In za a rataye mutum, a rataye shi da lissafi daidai.

Litinin, 9 ga wata, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Maigidan ya yi wanka na minti ashirin ba wanda ya buga masa ƙofa. Ya fesa turare, ya sumbaci Gimbiya a goshi, ya gaida uwarsa, ya ce min "sai na dawo" kamar yana sallamar mai gadi. Ya fita. Shi ma fa ya haihu, rana ɗaya da ni. Me ya canza masa? Hoton da ke kan wayarsa.

Da yanzu ina bakin titi ina jiran mota, jaka ɗaya a kafaɗata, wadda ba komai a ciki sai biro da littafi da madubi. Da ƙarfe takwas ina taka dogon barandan kotu, takalmina na ƙara, masinja ya miƙe ya ce, "Malama Tafinta, barka da asuba." Ina da kujera tawa a ƙasan mazaunin alƙali, ƙafarta ɗaya gajeriya ce, na cusa mata takarda. In na buɗe baki lauyoyi su yi shiru, don in ban yi magana ba shari'a ba ta tafiya.

Takalman suna ƙarƙashin gado. Na gwada ɗazu, sun matse ni. Har ƙafata ba a bar min ba.

Talata, 10 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Muryar Gimbiya ta fara dawowa.

Laraba, 11 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Yaya ta kira. Na ɗauka 'yar'uwata za ta tambaye ni ya nake. Minti ashirin tana karanta min tarihin kanta: 'ya'ya biyar ta raina, ba ta taɓa barin ko ɗaya ta je ko bakin ƙofa ba, ita haihuwa ce ta cika mata rai. Ni kuma boko ya hau min kai. Ta ce in gode wa Allah mijina mai haƙuri ne, wani da tuni ina gidanmu.

Na ce, "Yaya, ke ba ki taɓa kewar lokacin da kike ke kaɗai ba?"

Ta ce kewar me? Ta ce in daina irin wannan maganar kada wani ya ji.

Ita ce fa wadda a da ba a yin wasan ƙwallon hannu a makaranta sai da ita, har kofi ta ciwo. Kofin yana kicin ɗinta yanzu, cokula take zubawa a ciki.

Alhamis, 12 ga wata, ƙarfe goma na safe

Sabulu ya ƙare, na ɗauki mayafi zan leƙa kanti. Hajiya ta ɗago kai daga kan Gimbiya ta ce minti nawa zan yi. Da murmushi ta tambaya. Na ce biyar. Ta dubi agogon bango.

Na yi huɗu. Na dawo ina haki kamar ɗalibar da ta makara. Ni da nake da digiri biyu.

Alhamis, ƙarfe uku na rana

Kowa yana kirana Maman Gimbiya. Mai kanti, mai kawo ruwa, har uwata. In ban da ranar Laraba, rabon da in ji sunana a bakin wani tun a asibiti, da aka kira layi.

Asabar, 14 ga wata, ƙarfe shida saura na yamma

Kafin maigidan ya tafi buga ƙwallonsa na Asabar, wanda ko sau ɗaya bai fasa ba tun da aka haihu, ya ajiye min takarda a kan gado. Takardar barin aiki ce, da sunana, an buga ta tsaf, saura sa hannu. Ya ce hutuna zai ƙare ƙarshen wata, gara a yi abin da ya dace tun da wuri. Ya ce ba hukunci ba ne. Ya ce don kwanciyar hankalina ne.

Na karanta. Kuskure uku ne a layi shida. Na ɗauki jan biro na gyara masa, na mayar da ita inda ya ajiye.

Lahadi, 15 ga wata, ƙarfe tara na safe

Ya sake bugo ta. Babu kuskure ko ɗaya.

Litinin, 16 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Magatakardan kotu ya kira sau biyu ban ɗauka ba, sai ya turo saƙo. An yanke hukunci, tsohuwar da na yi wa tafinta ranar Laraba ta ci gonarta. Ya ce tana ta tambayar yarinyar nan mai jin magana, tana sa min albarka.

To, tunda ba mai tambaya, bari in tambayi kaina.

Ranar Laraba da ƙarfe sha ɗaya da rabi magatakarda ya kira ni. Wata tsohuwa ta zo daga nesa ba da shaida a kan gonar da 'ya'yan ƙanen mijinta ke neman ƙwacewa. Ba ta jin komai sai yaren su kakata, wanda a duk garin nan masu jin sa ba su kai yatsun hannu ba. Wanda ke riƙe da kujerata bai iya ba. Sau uku ana ɗage zaman, alƙali ya ce wannan ne na ƙarshe. Magatakarda ya ce minti ashirin kawai, don Allah.

Na kira maigidan sau biyar, waya a kashe. Na buga ƙofar matar kafinta, ta tafi kasuwa. Gimbiya ta ƙoshi, barci ya ɗauke ta yanzun nan, kuma barcinta na rana awa ɗaya da rabi ne kullum, ba ya canzawa. Na kwantar da ita a tsakiyar gado, na kare ta da matashi ta gefen da za ta iya faɗowa. Gefen bango ban sa komai ba. Ba ta taɓa mirginawa ba. Ba ta taɓa ba, ko sau ɗaya.

Kotu minti goma ne a mota. Tsohuwar na tsaye a wurin ba da shaida, ƙarama. Na gaishe ta da yarenta. Ta juyo ta kama hannuna ta ce, "'Yar wa ce ke?" Daga nan ta buɗe baki, ta lissafa kowace bishiya da ke iyakar gonar da wanda ya dasa ta. Ni kuma ina juyawa, kalma na zuwa kafin in neme ta. Lauyan yaran ya yi ta ƙoƙarin rikita ta, ta ce in gaya masa ita ta yi wa ubansu wankan farko. Na gaya masa. Alƙali ya sunkuyar da kai yana ɓoye dariya.

Minti arba'in aka yi. Da goma zuwa, da goma dawowa, awa ɗaya ke nan.

Na san lissafin bai cika ba. Gimbiya ta tashi, zan je.

Laraba, 18 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Mun koma asibiti, ni da Hajiya. Likita ya duba wuya da haƙarƙari da ido, ya ce lafiya lau, shatin kumatun ma ya kusa ɓacewa. Nas ɗin da ke rubutu, sabuwa ce, ta tambayi yadda aka yi. Hajiya ta ce, "Mirginawa ta yi, ta maƙale tsakanin katifa da bango." Ta tsaya a nan. Nas ta ce ai yara haka suke, a ƙara kula.

Muka kamo hanyar gida. Haushi ya ishe ni, don yanzu dole in gode mata a raina, kuma ban shirya gode wa kowa ba.

Alhamis, 19 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Ina son 'yata. Wa ya ce ba na son ta?

Jumma'a, 20 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Abokin aikin maigidan ya zo duba Gimbiya, wannan mai yawan surutun. Ina zuba musu ruwa yana ta zuba, har ya ce ai tun ranar da suka sulale daga ofis suka je kallon wasa bai ƙara ganin maigidan yana dariya ba. Wace rana? Waccan Larabar mana, da suka kashe waya don kada oga ya neme su.

Maigidan ya ƙware da ruwa.

Taro. Ce min ya yi yana cikin taro. Ya faɗa a gaban uwarsa, ya faɗa a gaban Yaya, ya faɗa wa likita. Kwana goma sha shida ina yawo da kai a ƙasa, shi yana yawo da taro.

Na ƙarasa zuba ruwan, ban zubar da ko ɗigo ba. Hajiya na zaune a kujerar kusa da taga. Ta ji.

Asabar, 21 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Yau bai je ƙwallo ba. Hajiya ta goya Gimbiya ta fita tsakar gida, ta ja mana ƙofa.

Na faɗa masa duk abin da ke bakina. Sannan ya ce gaskiya ne, ya yi ƙarya, kunya ce ta sa. Ya ce tun da aka haihu gidan ya yi masa ƙunci, ba barci, ba hira, in ya shigo ba abin da yake ji sai kuka da ƙorafi. Wani lokaci ma in ya iso sai ya zauna a mota a bakin layi na rabin awa kafin ya shigo. Ya ce yana kewar yadda muke a da, mu fita da yamma ba mu san inda za mu ba.

Ya ɗauka wannan zai sanyaya min rai. Rabin awa a mota! Kullum! Ni ina ciki ina ƙirga mintoci ya zo ya karɓe ta in shiga bayi, ashe mutumin yana bakin layi yana jin rediyo. Shi in ya yi kewa sai ya kashe waya. Ni da na yi kewa sau ɗaya, an fasa ƙofa, an ɗauko uwa daga wani gari, an buga takarda.

Ya ce, "Duk na yarda. Amma ni ban kulle ta na tafi ba."

Ya ƙara da cewa ya je ya ga magatakarda, an ce masa an gama shaidar ƙarfe sha biyu da rabi.

"Ina kika tsaya?"

Na ce Gimbiya na kuka. Ba kuka take ba. Na fita.

Litinin, 23 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Akwai wani ƙaramin ɗaki a bayan kotu inda ma'aikata ke shan shayi. Benci biyu, butar lantarki, taga ɗaya da ba ta rufuwa. Na fito zan tafi, mai buga takardu ta riƙe min hannu ta ce ko kofi ɗaya. Kofina yana nan, mai tsagin nan a baki, ba wanda ya taɓa shi. Aka fara ba ni labari: wane an yi masa canjin wurin aiki, lauya wane hularsa ta faɗi a gaban alƙali. Na kwaikwayi muryar tsohuwa da ta lauyan, suka yi ta dariya har masinja ya zauna a ƙasa. Suka yi ta kiran sunana. Sunana.

Ban ce a raina bari in ƙara minti biyar ba. Da haka ne da sauƙi. Ban tuna ba ne. Fiye da awa ɗaya ban tuna ina da 'ya ba, kuma tun da na haihu ban taɓa jin daɗi irin na wannan awar ba.

Ba zuciyata ce ta tuna min ba. Gaban rigata ne ya jiƙe.

Ban san yadda na iso ba. Mutane a ƙofa, katako a ƙasa, matar kafinta na tsaye da 'yata a kafaɗa. Gimbiya ta gan ni, ta buɗe baki iya buɗewa, ba sautin da ya fito.

Shi ke nan. Na rubuta.

Talata, 24 ga wata, ƙarfe uku na rana

Ban ci komai ba. Hajiya ta ajiye min abinci ta rufe.

Alhamis, 26 ga wata, ƙarfe goma na safe

Muna ninke kayan Gimbiya, ni da Hajiya, sai na ji bakina yana gaya mata. Duka, har shayin. Ta ci gaba da ninki. Da na gama ta tambaya ko na sa hannu a takardar nan. Na ce a'a. Ta ce kada in sa.

Na ɗago ina neman abin godiya, ta tare ni. Ta ce ba don ni ba ne. Ta ce kwana goma sha tara tana kallona, ina ba yarinya nono ina kallon taga, ina wanke kwano kamar kwanon ya zage ni. Macen da aka zaunar da ƙarfi, yaro ne ke shan fushinta, kuma jikarta ba za ta sha ba. Za ta zauna har Gimbiya ta fara tafiya. Da ɗanta kuma ta riga ta yi magana, ta ce masa mai ƙaryar taro ba shi da bakin buga wa wani takarda.

Sannan ta ajiye rigar da ke hannunta ta dube ni.

"Amma maganar Laraba ban yafe ba tukuna. Kada ki matsa min. Zan yafe a lokacina."

Na ce to, Hajiya. Wannan ce magana ta farko a gidan nan da ban ji haushinta ba.

Jumma'a, 27 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Na tarar da makulli na uku a kan tebur. Takardar kuma ba ta nan. Ya ce daga yau in ya iso zai shigo. Za mu gani.

Asabar, 28 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na shiga wurin matar kafinta. Kwana ashirin da huɗu ban ce mata na gode ba, ina can ina fushi da lissafinta. Ta ce da ta dawo daga kasuwa kukan ya riga ya dushe, kamar na mage, ta yi ta bugun ƙofa, sai kuma ya tsaya cak. Shirun ne ya sa ta ruga ta kira mijinta.

Na yi godiya. Zan fita sai na ji na ce mata, ai awa biyu ne da minti goma. Ta dube ni ta ce, "To."

Ban taɓa jin kunyar lamba irin ta yau ba.

Litinin, 30 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na koma aiki. Masinja ya miƙe, alƙali ya ce barka da dawowa a gaban kowa, an ba ni shari'a uku. Komai yana inda na bar shi. Wata shida ina mafarkin wannan ranar.

A shari'a ta biyu wata mata a bayan kotu tana riƙe da jariri, ya yi ɗan tari. Na rasa kalma. Ni. Lauya ya maimaita tambayarsa, na ce a yi haƙuri a sake. Daga nan idona bai bar agogo ba: yanzu Gimbiya ta tashi, yanzu Hajiya na ɗumama nonon da na tatsa, ko ta karɓa, ko ta ƙi. Sau huɗu na fita baranda na kira gida, har Hajiya ta ce in na ƙara za ta kashe wayar kamar ɗanta.

Wato wurin yana nan, matar da ke zama a wurin ce babu. Ba wanda ya gaya min haka za a yi. An bar ni ina ta faɗa da mutanen gida a kan su mayar min da abin da ba ya hannunsu. Wa zan kai ƙara?

Ana tashi ƙarfe huɗu na fito. Mota ta tsaya a cunkoso kusa da kasuwa, na sauka na ƙarasa da ƙafa, daga bakin layi kuma gudu na yi, jaka na dukan bayana, mai kanti yana kallona. Na buɗe ƙofa ina haki.

Tana zaune a cinyar Hajiya, an ba ta murfin roba tana bugawa a gwiwarta tana ƙyalƙyala dariya. Na kira ta. Na durƙusa na miƙa hannu biyu na sake kira.

Ta ɗago ta dube ni sau ɗaya, ta koma kan murfinta.